Yaushe ya kamata koci ya ajiye golansa na ɗaya a benci?

Ɗan Gangare:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata muhawara da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a gidajen kallo na nan Jos, daga Bauchi Road har Rikkos. Da zarar gola ya yi ɓarin ƙwallo ɗaya sai kowa ya ce a cire shi. Ɗan gaba in ya yi wata biyu bai ci ba, ana iya sako shi a minti 20 na ƙarshe har ya dawo hayyacinsa, amma raga mutum ɗaya take ɗauka, ko kana ciki ko kana benci. To masana, wace alama ce ke nuna lokaci ya yi da ƙungiya za ta haƙura da golanta na ɗaya? Wasa nawa ake ba shi? Don Allah amsar ta haɗa har da ƙungiyoyin unguwa da na NLO, wato gasar ƙananan ƙungiyoyi ta Najeriya, ba Firimiya kaɗai ba.

Malam Koci:

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Gangare, da farko a daina ƙirga ƙwallayen da suka shiga, a koma duba yadda suka shiga. Koci ya ɗauko wasa takwas zuwa goma na baya-bayan nan, ya zauna da bidiyo ko da na waya ne, ya kasa duk ƙwallon da aka zura kashi uku. Akwai wadda ko wa aka sa a raga sai ta shiga: fenareti, ko wadda ta daki ƙafar ɗan baya ta sauya hanya, ko ɗan gaba ya tsinci kansa shi kaɗai a yadi shida. Akwai wadda za a iya tarewa, za a iya rasawa. Sai ta uku, wadda duk gola mai lafiya ya kamata ya tsayar. A kan kashi na ukun nan kaɗai ake yi masa hisabi. Faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44, ba mahalukin da zai rufe ta duka in 'yan baya sun bar ƙofa a buɗe.

Bayan haka sai a duba ko kuskuren iri ɗaya ne yake maimaituwa. Golan da ya yi ɓari yau, bayan wata guda ya ba da fas mara kyau, wannan ɗan Adam ne kawai. Wanda ake tsoro shi ne wanda aka ci sau uku ta hanya ɗaya, domin kociyoyin hamayya ma suna da ido.

Wasu laifukan atisaye na gyara su. In yana ture ƙwallo zuwa tsakiyar sha takwas maimakon gefe, matsalar kusurwar tafin hannu ce, mako uku zuwa huɗu tare da kocin gola ya isa a ga canji. In ana cinsa ta ƙarfen da ke kusa da shi, yawanci tsayuwarsa ce ta karkata, ko yana riga mai bugu faɗuwa. Wannan ma ana gyarawa. Wanda ke da wuyar magani shi ne shakka a kan ƙwallon sama. Za ka ga an ɗago kwana, ya taka biyu ya fito, sai ya tsaya a rabin hanya, bai kama ba bai kuma koma layi ba. Wannan tsoro ne ya shiga zuciya, kuma duk kwanar da aka samu daga ranar a kansa za a sauke ta.

Alamar da ni na fi yarda da ita ba a jikin golan take ba, a jikin 'yan bayansa take. In suka daina mayar masa da ƙwallo suna gwammace su doka waje, in ya yi kira cewa tasa ce amma ɗan baya ya sa kai ya fitar, in layin baya ya riƙa ja da baya har ya zauna a bakin sha takwas saboda ba su yarda zai fito ya share ta bayansu ba, to sun riga sun cire shi, koci ne kawai bai sa hannu ba.

Mai Safa:

Malam Koci ya yi bayani, Allah ya ƙara sani. Sai dai akwai rabin tambayar da 'yan gidan kallo ba sa yi: in an cire shi, wa za a sa? Cire gola ba wuya, samun magajinsa ne aiki. Schmeichel ya bar Manchester United a 1999, suka gwada Bosnich, Taibi, Barthez, Howard da Carroll, ba su samu natsuwa ba sai da Van der Sar ya zo a 2005 yana da shekara 34. Shi ne kuma ya tare fenaretin Anelka a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a 2008. Wannan ya isa nuna cewa shekaru kaɗai ba dalili ba ne, gola ba ya tsufa da wuri kamar ɗan gefe. Abin da ake dubawa a tsohon gola shi ne saurin tashi bayan faɗuwa ta farko, da saurin zuwa ƙasa a ƙwallon da ta bi gefen ƙafarsa. Su ne ke fara tafiya.

Wani lokacin kuma golan bai yi laifin komai ba, salon ƙungiya ne ya wuce shi. Tun 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan wasansa ya mayar masa da ƙafa, a 2019 kuma aka ba 'yan baya damar karɓar bugun gola a cikin sha takwas. Daga nan ƙafar gola ta zama rabin aikinsa. Da wannan hujjar kocin Manchester City Guardiola ya ajiye Joe Hart a 2016 ya tura shi aro Torino. Shawarar daidai ce, amma wanda ya fara kawowa, Claudio Bravo, bai zauna ba, har Caballero ya karɓe ragar a wani ɓangare na kakar. Sai da Ederson ya zo daga Benfica a 2017 abin ya daidaita, City ta ɗauki Firimiya da maki 100. Wato an yi asarar kaka guda a tsakani, kuma duk kocin da zai bi wannan hanya ya san zai iya biyan irin wannan kuɗin.

United ta bi sawun haka a 2023. De Gea ya tafi a shekarar da ya karɓi kyautar safar zinare, wasa 17 ba a zura masa ba, aka kawo Onana daga Inter saboda ƙafa. A 2025 an tura Onana aro Trabzonspor. Golan da ya iya fas yana bukatar 'yan baya da 'yan tsakiya masu buɗe masa hanya, in babu su, ka sayi abin da ba za ka yi amfani da shi ba, ka rasa abin da kake da shi.

Kuma kada kuɗin da aka kashe ya ɗaure wa koci hannu. Chelsea ta biya sama da fam miliyan 70 a kan Kepa a 2018, duk da haka ta kawo Mendy daga Rennes a 2020, ta ɗauki Kofin Zakarun Turai a 2021.

Na Dilimi:

Ni misalin gida zan kawo. Kowa ya tuna ƙwallon Partey na Ghana da ta wuce golan Super Eagles Uzoho a Abuja a watan Maris na 2022, aka tashi 1-1, Ghana ta tafi Kofin Duniya. Duk da haka an ci gaba da sa shi har ƙarshen 2023, saboda ba a ga wanda ya fi shi a fili ba. Sai a gasar Afirka da aka buga a Ivory Coast a farkon 2024 kocin Super Eagles na lokacin, Peseiro, ya sa Nwabali na Chippa United, wanda ya taɓa tsare wa Enyimba da Lobi Stars da Katsina United raga. Ya yi wasa huɗu a jere ba a zura masa ba, ya tare fenareti biyu a kan Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe.

Amma 'yan'uwa a yi adalci. Daga wasa na biyu Peseiro ya koma 'yan baya uku a tsakiya, da biyu a gefe suna dawowa. An canza gola, an kuma canza katangar da ke gabansa a lokaci ɗaya. Wanda ya ce gola kaɗai ne ya gyara Super Eagles bai kalli wasannin da kyau ba. Sau da yawa abin da ƙungiya ke bukata ɗan tsakiya ne mai tare hanya, don a daina samun sararin buga na nesa.

Kafin a yanke hukunci kuma a duba lafiyarsa. Karius, golan Liverpool a lokacin, ya yi kurakurai biyu a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai da Real Madrid a 2018, bayan kwanaki likitoci a Amurka suka ce ya samu buguwa a kai a cikin wasan. A ƙananan ƙungiyoyinmu gola zai ɓoye targaɗen yatsa ko ciwon kafaɗa don kada ya rasa gurbi. In ka ga wanda ya saba kama ƙwallo ya koma naushinta, ko yana guje wa faɗuwa ta ɓangare ɗaya, a duba hannun da kafaɗar. In kuskurensa ya fi yawa da yamma liƙis ko lokacin hazo, a kai shi a gwada idonsa. A kuma yi la'akari da fili: a filin unguwa mai tsakuwa ƙwallo na iya dira a gabansa ta yi tsalle ta wuce kafaɗa, ga iskar Jos da ke karkatar da ta sama. Irin waɗannan a kashi na biyu ake sa su.

Ɗan Gangare:

Na gode ƙwarai, an wanke min kai. Saura ɗaya: me zai hana a riƙa yi musu karɓa-karɓa, yau wannan gobe wancan, har a ga wanda ya fi?

Malam Koci:

A'a ɗan'uwa, wannan ne ke kashe duka biyun. Kowannensu zai shiga raga yana tunanin kuskure ɗaya zai mayar da shi benci, sai ya daina fitowa kwana, ya manne a layi. 'Yan baya kuma ba za su saba da muryar kowa ba. Barcelona ta yi nasara da gola biyu a kakar 2014/15 ne saboda rabon a bayyane yake: Bravo a La Liga, Ter Stegen a kofuna, kowa ya san ranarsa tun farkon kaka. Ko hakan ma a 2016 sai da ɗaya ya tafi. PSG ta yi wa Navas da Donnarumma na yau-kai-gobe-shi a 2021/22, ba wanda ya ji daɗin tsarin a cikinsu.

In za a canza, a nemi lokacin da akwai tazara. Kocin Arsenal Arteta ya fara sa Raya a madadin Ramsdale ne a wasan Everton na Satumba 2023, daidai bayan hutun wasannin ƙasashe. Ƙungiyar da ke babbar gasar Najeriya ta NPFL kamar Plateau United tana da hutun tsakiyar kaka, ta unguwa kuma tana da tazarar da ke tsakanin gasa da gasa. Kafin ranar, gola na biyu ya yi aƙalla mako biyu yana atisaye a bayan 'yan bayan farko, ya buga wasan sada zumunci ɗaya ko biyu, a ji ko yana magana, a ga yadda yake jera katanga a firikik da wanda yake sa wa a ƙarfe lokacin kwana. Kada wasansa na farko ya zama na waje a gaban 'yan kallo masu zafi in akwai yadda za a yi.

Shi kuma wanda za a ajiye, koci ya kira shi su biyu tun farkon mako, ya nuna masa bidiyon ƙwallayen kashi na uku, ya faɗa masa abin da zai gyara. Kada ya fara ji a bakin 'yan kallo ko ya gani a takardar sunaye ranar wasa. Sabon kuma a faɗa masa a gaban kocin gola cewa yana da wasa biyar ko shida a jere ko da ya yi kuskure a na farko, sai bayan su a sake zama da bidiyo a kasa nasa ƙwallayen kashi uku kamar yadda aka yi wa na farkon.