Agogon kiran sallah na saɓa wa ladan: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. An kawo wa masallacin unguwarmu a Kano agogon bango mai kiran sallah, tsarabar Umara. Lokacin da yake nunawa daidai ne, amma Azahar yakan makara da kusan minti 20, La'asar kuwa sai bayan an idar da sallah yake kira. Ya lalace ne?

Mai gyaran agogo: Wa'alaikumussalam, Malam. Lafiyarsa ƙalau, saiti ne. Irin wannan agogo lissafi yake yi da garin da aka zaɓar masa. Minti 20 ɗin nan alama ce an sa shi a kan Legas. Kowane digiri ɗaya daga gabas zuwa yamma minti 4 ne a tafiyar rana, kuma tsakanin Kano da Legas wajen digiri 5 ne. Ka duba takardar da ta zo cikin kwalin, ka nemo lambar Kano. In babu, shigar da hannu: arewa 12.0, gabas 8.5, GMT+1. Ka tabbata DST, wato saitin tura agogo gaba da ake yi a wasu ƙasashe lokacin bazara, a kashe yake; ba ma amfani da shi a Najeriya da Nijar, in ya kunnu awa guda cur zai ƙara.

Ɗalibin ilmin falaki: Ta La'asar daban ce. Akwai zaɓi biyu, Shafi'i da Hanafi. Na Hanafi sai inuwar abu ta ninka tsawonsa biyu, ban da inuwar zawali, shi ya sa yake jinkiri kusan awa guda. Malikiyya a nan ɗaya suke da Shafi'iyya, tsawo ɗaya, to Shafi'i za ku zaɓa.

Ku lura da Isha'i ma. Agogon Saudiyya kan zo da lissafin Ummul Ƙura, wanda ke sa ta minti 90 bayan Magariba, 120 a watan azumi. Na Rabiɗa (Ƙungiyar Musulmi ta Duniya) da gangarawar rana ƙasa da layin da take fitowa da faɗuwa yake aiki: digiri 18 Asuba, 17 Isha'i. Wanda za a bi, wannan kam liman ne zai yanke.

Mai wayarin: Ƙari kaɗan. In an ɗauke wuta ya dawo yana nuna 12:00, ƙaramin batirin da ke riƙe saiti ne ya mutu. Galibi CR2032 ne mai kama da kwabo, wasu kuma AA. A canza shi kafin a sake saiti, in ba haka ba duk ɗauke wuta sai an koma farko.