Neman shawara: Gashin lesa zai raba ni da zogin jijiya bayan karaya?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana. Ni tela ne a Kano. Wajen wata bakwai ke nan da adaidaita sahu ya kife da mu, na karye a gwiwar hannun dama. Mai ɗori ne ya fara kama min, da kumburi ya ƙi sauka aka kai ni asibiti aka sa ƙarfe. Alhamdulillahi ƙashi ya haɗe. Abin da ya ƙi barina shi ne zogi a ƙaramin yatsa da wanda ke kusa da shi, ya gangaro gefen tafin hannu, kamar an jona min wutar lantarki. Da dare ko bakin bargo ya shafi wurin sai na zabura, amma in na mintsini fatar da kyar nake ji. Yanzu har almakashi ya fara suɓuce min. Na sha farasitamol da diklofenak har cikina ya fara ciwo, a banza. Wasu masu gashin ƙashi sun ce za su yi min lesa zama goma sha biyu, a biya gaba ɗaya, wai jijiyar za ta dawo sabuwa. Kuɗin sai na sayar da keken ɗinkina ɗaya. Wanda ya taɓa yi ko yake da sani a kai ya taimaka min.

Maman 'Yan Biyu: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya ya sa kaffara ne. Surukata ta yi a gwiwar ƙafa kuma ta ce ta ji daɗinsa, sai dai nata sanyin ƙashi ne, ban san ko ɗaya ne da naka ba.

Ɗan Kurmi: Malam ka nemi tiramol kawai ka huta.

Admin: Ɗan Kurmi, a kiyaye. Ba ma rubuta wa juna irin wannan ƙwayar a nan.

Likitar Gashi: Sannu ɗan uwa. Gashin ƙashi ne aikina, kuma ina amfani da na'urar lesa, don haka ba kushe ta zan yi ba.

Yatsun nan biyu da ka ambata jijiya ɗaya ce ke kula da su, wadda ta bi ta bayan gwiwar hannu, daidai inda mutum ke jin tsirrr in ya bugu da kujera. Karaya a wurin kan murje ta ko ta ja ta, wani lokacin kuma tabon ciki ko ƙarfen da aka sa ne ke matse ta. Shi ya sa fatar take a mace amma kuma tana zogi, jijiyar da ta ji rauni ce ke aika saƙon ƙarya. Irin wannan ciwon ba ya jin farasitamol da diklofenak, ka daina wahalar da cikinka da ƙodarka.

Shi lesan gashi haske ne mai rauni, ja ko wanda ido ba ya gani. Ba ya yanka, ba ya ƙuna. Wani likita ɗan ƙasar Hangari mai suna Endre Mester ne ya faro shi a 1967, da ya lura gashin ɓerayen da ya haska yana saurin tsirowa. Abin da masana ke zato shi ne hasken yana ƙara wa ƙwayoyin jiki kuzari, ya rage kumburi. A kan zogin jijiya kuwa, binciken da aka yi a jikin mutane ƙanana ne kuma sakamakon bai zo ɗaya ba, wasu sun samu sauƙi, wasu daidai suke da waɗanda aka haska wa na'urar da ba ta aiki. Ni ma abin da nake gani ke nan. Akwai wanda zai ce zogin ya lafa, akwai wanda zai gama zaman duka ya ce bai ga komai ba. Amma haske ba ya ɗinke jijiyar da ta tsinke, ba ya kuma ɗaga abin da ya danne ta. Wanda ya ce maka za ta dawo sabuwa ya faɗi abin da ba shi da ikon lamuncewa.

Maganar almakashin nan ta fi damuna a kan zogin. Ka kifa hannayenka biyu ka kwatanta: tsakanin babban yatsa da manuni ya loɓa a na dama? Ka sa takarda tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi ka matse, wani ya ja, ka ga ko za ka iya riƙewa.

Tsohon Ɗan Acaɓa: Ni na yi, a ƙafa, bayan mota ta taka ni. Gilashi mai duhu suke ba ka ka sa, sai a ɗora wani abu kamar biro a kan tabon, a riƙa matsar da shi, 'yan mintuna an gama. Ba ka jin komai. Ranar da aka yi nakan samu sauƙi zuwa washegari, daga nan abu ya dawo. Abin da ya dawo min da barci wata 'yar ƙwaya ce da likita ya rubuta min ta dare. Kada ka sayar da keke, da shi za ka ci abinci.

Mai Haɗa Magunguna: Ƙwayar da yake nufi mai yiwuwa amitriptyline ce. Ita da gabapentin da pregabalin da duloxetine su ne likitoci ke farawa da su a zogin jijiya. Ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa, kuma sai an yi makonni kafin a yanke hukuncin ko ta yi. Suna sa barci da jiri, amitriptyline tana busar da baki, ba a kuma yanke su dare ɗaya. Pregabalin ma tana kama mutum, matasa sun mayar da ita abin maye, don haka kada a je kemis a ce a ba ni irin ta wane. A ga likita, ya kuma duba sukari, domin ciwon sukari yana ƙara lalata jijiya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Likita, na duba, wurin ya loɓa sosai, takardar kuma ɗana ya zare ta ba wahala. Ƙaramin yatsan ma ya fara lanƙwashewa. Sannan abin da suka nuna min ba kamar biro yake ba. Wani ƙwan fitila ne ja babba a kan sanda, yana fitar da zafi.

Likitar Gashi: To wannan ba lesa ba ne, fitilar ɗumi ce, kusan kowane ɗakin gashi akwai ta. A fatar da ba ta ji sosai irin taka tana iya ƙona ka ba ka sani ba. Kada ka biya.

Loɓawar nan tana nufin tsokar hannu ta fara ramewa saboda saƙon jijiya ba ya isowa. Jijiya kan tsiro kamar milimita ɗaya a rana, daga gwiwa zuwa yatsu tafiyar watanni ce masu yawa, ita kuwa tsoka ba ta jira har abada. In ta kai shekara zuwa shekara da rabi babu saƙo, ko an gyara jijiyar ba lallai ƙarfin ya dawo ba. Ka koma wurin likitan da ya sa maka ƙarfen cikin satin nan, ko ka je Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano. Ka nuna musu hannun, ka nemi a tura ka gwajin gudun jijiya, wanda ake yi da 'yar wutar lantarki a ga inda saƙon ya tsaya. In matsewa ce, akwai tiyatar da ake sassauta jijiyar ko a dawo da ita gaban gwiwa.

Kafin nan, ka daina dogara gwiwar a kan teburin yanka. Da dare ka naɗe ta da tawul don kada ta kwana a lanƙwashe. Wurin da ke zabura kuma ka riƙa shafa shi a hankali da ƙyallen yadi, ka fara da mai santsi, in ya saba ka koma mai kaushi, ai kai ba za ka rasa ƙyalle ba. In an gama gwajin kana son gwada lesa a matsayin ƙari, ka je wurin likitan gashi mai rajista da MRTB, hukumar da ke kula da likitocin gashi, ka biya zama-zama. In an yi biyar ko shida babu canji, ka tsaya.

Mai tambaya: In sha Allahu Litinin zan je. Da hoton ƙashin da aka yi min zan tafi, ko sabo za su yi?

Likitar Gashi: Ka tafi da tsohon da katin asibitin da ledar magungunan da ka sha. In suna buƙatar sabo za su rubuta maka a can.