Musayar waƙa: katanga, geti da dakali a Kano

Magini Dala:
Bismilla, ga ɗango, na buɗe fage,
Kan gini da zaman Sabon Gari da Fagge.
A 1913 Turawa suka ware wa baƙi waje,
Can bayan ganuwa, kowa da inda za shi je.

Ɗan Awo:
Magini, ka tsallake babban sharaɗi,
Dokar 1917 ta yanka fili mai faɗi,
Yadi 440 babu gini, babu zaman taɗi,
Tsakanin Bature da ɗan ƙasa, wai sauro, haka suka faɗi.

Ummu Zaure:
Ku bar tarihi, ku dubi ginin yau,
Bulo inci tara, tsayi ƙafa goma, ba kyau.
Waya mai ƙaya a kai, ba taga, ba dakalin da za a hau,
Lungu ya makance, ɓarawo abin da ya so ya ɗau.

Mai Geti:
Hajiya, rikicin Mayun 1953 bai ɓace ba,
Wanda aka ƙona wa layi bai manta ba.
Geti da kwaɗo ba don ado aka sa su ba,
Zaurenki na tubali ba zai tare taro ba.

Ummu Zaure:
Getinka na bakin layi, ƙarfe goma an datse,
Mai naƙuda na mota, mai makulli ya ɓace.
Motar kashe gobara ba ta shiga lungu a matse,
Tsoro kuka kulle a ciki, zumunci ne ya mace.

'Yar Fagge: Allah ya ƙara basira, Hajiya! Mai Geti, je ka nemo makullin.

Baffan Yara: Ke ma dai ɓangaranci. Baitinsa ya fi zama daram.

Malam Aruli: Gafara dai. Ɗan Awo, ɗangonka na huɗu ya yi tsawo, ba ya reruwa, kuma ka maimaita kalmar kafiya. Mai Geti, "ba" sau huɗu ba kafiya ba ce.

Mai Geti: Malam, kai ka kawo baiti ɗaya mu gani.

Malam Aruli: Awo nake yi, ba na gini.

Ɗan Awo: Awo aikina ne. Rera shi a hankali, zai shiga.

Magini Dala:
Na makara, ga gyara ga mai son ya gina:
Katangar gaba ƙafa huɗu, raga a sama, a ga juna.
Dakali sahu biyu na bulo, inda inuwa ke zauna,
Kwata a rufe da silab, fitila a kowace kwana.

A fasa shago a jikin katanga, ya dubi titi,
Mai shayi da tela sun fi maigadi a geti.
Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari ku duba,
Ciniki ke haɗa Inyamuri da Bakano, ba gadar sama ba.
Gadar Ƙofar Nasarawa mota take ɗauka ta wuce,
Mai ƙafa sai ya zaga, maƙwabci ba ya ratse.

Mai Geti:
Magini, shagonka sai ya ci gefen hanya,
Rumfa ta hau kwata, shara ta toshe magudana gaba ɗaya.
Ruwan Agusta ya shiga gidan maƙwabci ta baya,
Ga sabon faɗa, ga jan fentin hukuma, wa zai biya?

Ummu Zaure:
Ja shagon ciki, ka bar wa mai tafiya taku uku,
Silab mai ɗaguwa, a kwashe kwata kafin ruwa ya same ku.