Lamba Bakwai: Na Jos Ne Ko Na Kano?

Ɗan Gangare:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya da dare a teburin mai shayi na Bauchi Road a nan Jos wani Bakano ya buɗe baki ya ce wai ɗan ƙwallon nan Ahmed Musa nasu ne. Na yi shiru don kada shayina ya huce, amma maganar ta kwana a raina. Ga nawa. Mai amsa ya kawo ta a baiti, ban da zagi.

Bismillahi da shi zan fara,
Ya ba ni basirar tsarawa.
Batun yaronmu mai lamba bakwai,
Barewa ce wurin tserewa.
A Jos aka yanke cibiyarsa,
A 1992, ba musantawa.
A makarantar GBS ya koyi taka leda,
Ƙasa ja, sanyi na ratsawa.
Ƙungiyar JUTH ta ɗauke shi yana ƙarami,
Ko gemu bai soma fitowa.
Kano, aro muka ba ku, ku tuna,
Kayan aro ai na mayarwa.

Bakanon Terminus:
Wa alaikumus salam. Yaya, ni ne dai mutumin jiya, ashe kana wurin. Shekarata goma sha biyu ina kasuwa a garin nan, don haka ba da raini nake magana ba.

Na ji ka Yaya, na kuma gode,
Haihuwa taku ce, ba jayayya.
Amma gyaɗa ko ina aka shuka ta,
A Kano ake mata dala, Yaya.
Ya zo Pillars ba a san shi ba,
Ƙofar Mata ta sa masa inkiya.
Ƙwallo 18 a kaka guda,
Ya goge tarihin Ishaya.
Daga nan Turawa suka hango shi,
Venlo ta Holan ta aiko kuɗin tafiya.
Da ya gama yawo a 2021,
Sai Masu Gida ya nufo gaba ɗaya.
Ya sake dawowa a 2024,
Tsuntsu ya san sheƙarsa ta gaskiya.

Ishaya Jatau nake nufi, mai ƙwallo 17 a lig na Najeriya a 1990. Shekara ashirin ba a taɓa wannan adadi ba sai da yaron ya sa rigarmu.

Na Bukuru Ɗan Chelsea:
Ku biyun nan kuna faɗa a kan rabon nama, ba ku tambayi nauyinsa ba.

Ku bar ni in faɗi mai ɗaci,
Gaskiya ce, ba cin mutunci.
Sama da fam miliyan 16 Leicester ta zuba,
Ta sayo shi ta ajiye a benci.
Ya ci Barcelona biyu a wasan share fage,
Muka ce ga sabon angon koci.
Firimiya ta fara, shiru kake ji,
Ƙwallo biyu tak, sai takaici.
In ɗan Jos kuke nema mai kofi,
Mikel na nan, ku yi adalci.
Ya ɗaga na Zakarun Turai a Munich,
A 2012, wa ya yi barci?

Maman Khalifa:
Kai ƙanena, kai da Chelsea ɗinka sai Allah. Ni ban san lissafin fam ba. Abin da idona ya gani ranar wasanmu da Iceland a Kofin Duniya na 2018 shi zan faɗa.

Juma'a ce, mako guda da Sallah,
Da la'asar aka ja daga.
Ina tankaɗe a tsakar gida,
Ina leƙen talabijin ta taga.
Rabin farko ba abin faɗa,
Namu ba wanda ya ko nufi raga.
Moses ya kwaso ta daga dama,
Ya aiko, Musa ya ɗaga
Ƙafa, ya tare ta tana iska,
Tana taɓa ƙasa ya buga.
Ta biyun kuwa ya bar mai tsaron baya,
Kamar an tayar da babur ya ruga.
Ya kwantar da gola a kan ciyawa,
Ya duba, ya zaɓi gefen raga.
Garin tuwo ya tashi sama,
Har yau ban san inda rariya ta shiga.

Ngo maƙwabciyarmu ta faɗo gidan ba ko ɗankwali, ludayi a hannu, muka rungume juna duk gari a fuska. Ranar sai bayan isha'i aka ci tuwo, maigidan kuwa bai ce uffan ba.

Ɗan Gangare:
Anti, Allah Ya saka da alheri, wannan baiti ya fi nawa. Na Bukuru, dawo nan. Ka tsallake shekara huɗu da rabi na Rasha kamar ba a yi su ba.

Ka ɗauko Ingila ka bar Mosko,
Wannan ai son rai ne, ƙanena.
CSKA ta kira shi a 2012,
Garin da ƙanƙara ke rufe gona.
Wanda ya yi wanka da asuba a Jos,
Sanyin Rasha bai hana shi kwana.
Kofin lig uku ya ɗauka a can,
13, 14, 16, ka riƙe a ƙwaƙwalwa ka adana.
A Leicester Vardy ya tarar a gaba,
Mai gudu biyu, fili ɗaya, ina?
Duk da haka ya ci Everton biyu,
A Kofin FA, ko ba ka gani ba ka ji a gari ana yi da rana.
Ranieri da ya kawo shi aka kora,
Marayan koci ba ya ganin rana.
Ya je Al-Nassr ya ci lig a 2019,
Kafin Ronaldo ya san hanyar can, ɗan'uwana.

Na Bukuru Ɗan Chelsea:
Yaya, baitin Everton ɗin nan ya yi tsawo kamar layin mai, kuma ka maimaita "rana" sau biyu. Na karɓi Mosko. Ingila dai ban janye ba.

Baffa Mai Rediyo:
Ku yi haƙuri tsoho ya sa baki. Tun zamanin Mighty Jets nake shiga filin Rwang Pam. A 2013 yaron nan yana cikin waɗanda marigayi Keshi ya kai Afirka ta Kudu suka dawo da Kofin Afirka, shi ya ci ta huɗu a ragar Mali a Durban. Amma wasan da ya zauna mini shi ne na Kofin Duniya na 2014. Shekarar nan ba mai yarda ɗansa ya shiga gidan kallo a garin nan, saboda tsoron harin bam. A ɗaki muka kalla, ƙofa a kulle, janareta na tari.

Ku yara kun manta Porto Alegre,
Ranar da muka kara da Ajantina.
Messi ya ci a minti na 3,
Kafin su gama tsallen murna,
Musa ya rama a minti na 4,
Ya lanƙwasa ta, a kusurwa ta zauna.
Messi ya ƙara da bugun tazara,
Aka dawo hutu ya rama, na tuna.
Rojo ya raba gardama da gwiwa,
3 da 2, amma yaro ya yi suna.
Da na Iceland huɗu ke nan a Kofin Duniya,
A Najeriya wa ya kai? Ku nuna.

Ya wuce Yobo da Enyeama masu wasa 101 a rigar ƙasa. Abu ɗaya ya tsaya mini a wuya: gasar Kofin Afirka ta Kwaddibuwa, yana kyaftin, aka je har wasan ƙarshe a Abidjan yana zaune a gefe.

Bakanon Terminus:
Baffa, in ka yi magana sai mu yi shiru. Amma ka lura ba ka raba mana gardamar ba.

Baffa Mai Rediyo:
Ɗana, ni rediyo gare ni, ba kotu ba.

Ɗan Gangare:
To Bakano, ga ta ƙarshe, ka amsa kafin a rufe kasuwa.

Ran da Pillars za ta zo Zaria Road,
Plateau United na jiran karawa,
Kai da ke cin dankalin garin nan,
Wane ɓangare za ka zaunawa?

Bakanon Terminus:
"Za ka zaunawa" ba Hausa ba ce, Yaya, amsa-amo ne ya matse ka. Ga amsarka.

Zan sa rigar Masu Gida a ciki,
In ɗora rigar sanyi, ba mai ganewa.
In Musa ya ci ku, in yi tari in rufe baki,
Shayin daren kuma kai ke biyawa.

Maman Khalifa:
"Biyawa" kuma fa? Ku duka biyun ku koma aji.