Don Allah wacce zan ɗauka cikin kwamfutocin nan biyu?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwamfutar teburin da ke falonmu ta mutu bayan shekara tara. Ranar Juma'a aka kawo wuta da ƙarfi, sai na ji ƙaurin ƙonewa, fankarta ta yi ƙara sau ɗaya ta tsaya cak. Mai gyara ya ce kuɗin gyaran ya kusa na sayen wata.

A kanta yara ke aikin makaranta, ni kuma lissafin shago a Excel, da daddare mu jona ta da talabijin mu kalli fim.

Na zagaya Beirut Road a nan Kano, na tsaya kan guda biyu na hannu. Akwai Dell OptiPlex babba, ƙwaƙwalwarta (processor) Core i5 ce zubi na 6, ma'adanar aiki (RAM) 16GB, kuma ta fi araha. Raina ya kwanta da ita, amma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ga shi Windows 11 daga zubi na 8 take farawa, wato ita Dell ɗin a Windows 10 za ta tsaya. Ɗayar HP EliteDesk ce 'yar mitsitsiya, zubi na 8, RAM 8GB da SSD (ma'ajiyar fayil mai sauri). Ba ta cin wuta sosai, mu kuwa da sola muke kwana.

Inda na maƙale: ƙaramar ba ta da ramin HDMI da ake jona talabijin da shi, sai wani irin rami da ake kira DisplayPort. Idan na sa mahaɗi, sauti zai fita a talabijin? Kuma za ta jure zafin watan Afrilu a falon da babu AC? Wanda ya taɓa amfani da irinta ya taimaka min, Asabar nake son komawa kasuwa.