Ta yaya za a tantance damuwar ma'aikatan sashen killace marasa lafiya ba tare da an tona asirinsu ba?

Assalamu alaikum abokan aiki, ina neman shawararku.

Tun zuwan korona a 2020 mun san abin da dutin awa 12 cikin kayan kariya ke yi wa nas a zafin Kaduna: ba shan ruwa, ba zagayawa, ga fargabar kai cuta gida. Daga nan barci ke lalacewa, sai saurin fushi, sai kuskuren ba da magani.

Muna son tantance ma'aikata da takardar PHQ-9 mai auna ciwon damuwa: tambayoyi 9 kan makonni 2 da suka wuce, kowacce maki 0 zuwa 3, jimilla 27. Wanda ya kai 10 ana son likita ya gan shi.

Ga inda abin ya cije. Idan an sa suna, kusan kowa sifili yake cikawa, don tsoron kada shugabar nas-nas ta gani a ce yana da taɓin hankali. Idan kuma an cire suna, gaskiya na fitowa, amma wani zai amsa da eh a tambaya ta 9, wadda ta shafi tunanin mutuwa ko cutar da kai, ba a san ko wane ne ba. Wannan ne ya fi damuna, domin mai irin wannan amsa ba a barinsa ya kwana ba a gan shi ba.

Ba kowa lambar sirri a madadin suna zai yi? To wa zai riƙe jerin sunayen, tunda bai kamata ya zama mai tsara duti ba? Kuma ta yaya kuke tura ma'aikaci asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ba tare da takardar ta bi ta ofishinsa ba?