Shawarwarin da aka bayar kan farfaɗo da Peugeot 504 ta gado a Abuja

Wata tattaunawa ce ta taso bayan neman shawarar wani magidanci da ya gaji mota Peugeot 504 daga mahaifinsa, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, yana son ya gyara ta da hannunsa a garejin gidansa.

Abin da aka fi nanatawa shi ne kada ya yi gaggawar tayar da injin da ya daɗe a ajiye. Sai ya zubar da tsohon fetur, ya wanke tanki da kafireta, ya canja baƙin mai, sannan ya juya injin da hannu domin ya tabbatar bai ƙage ba. Tsofaffin makanikai sun daɗe a kan batun tsatsa, musamman a ƙasan kujeru da gindin ƙofofi, inda ruwan damina ke kwanciya. Sun ce a yanke ƙarfen da ya ruɓe a yi walda, domin fenti a kan tsatsa ɓarnar kuɗi ce. Birki da lagireto su riga fenti, kuma kada ya shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai ke riƙe da ita.

An rabu biyu kan injin: wasu sun ce a sa na zamani, amma a ganina masu cewa a bar na asali sun fi gaskiya, tunda motar uba ce. Kayan gyara kuwa, a fara nema a kasuwar makanikai ta Apo a Abuja, in an rasa a nufi kasuwar Panteka a Kaduna, tare da tsohon ƙarfen a hannu don gwadawa.